Kukan Modem a Zango: Faman da Muka Sha da Intanet na Wayar Tarho a Nima da Mamobi

A ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2025, kamfanin AOL na ƙasar Amurka ya rufe hanyarsa ta shiga intanet da layin tarho, bayan ya yi fiye da shekara 30 yana wannan sana'a. Labarin bai tayar da ƙura a nan Ankara ba, domin mu mun daɗe da barin wannan hanya. Amma ga wanda ya taɓa zama tsakar dare a Nima ko Mamobi ya kasa kunne yana sauraron kukan modem, yana addu'ar Allah ya sa ta kama, labarin tamkar sanarwar rasuwar tsohon maƙwabci ne wanda aka sha rigima da shi, aka kuma ci arziki tare.

Yaranmu na yanzu da suka buɗe ido suka tarar da intanet a cikin aljihu ba su san wannan kuka ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba su labarin yadda abin yake, da irin cututtukan wannan layi da magungunansu, saboda darasin da ke ciki bai tsufa ba.

Yadda abin ya iso Gana

A shekarar 1995 ne ƙasar Gana ta sami cikakken haɗi da intanet, ta hannun kamfanin Network Computer Systems, wanda aka fi sani da NCS, ƙarƙashin jagorancin Dokta Nii Quaynor. Wannan ya sa Gana ta shiga sahun farko a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ba a jima ba wasu kamfanoni irin su Africa Online da Internet Ghana suka biyo baya. A wannan shekara ce kuma aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, aka sami Ghana Post da Ghana Telecom, sa'an nan a 1996 aka kafa hukumar NCA mai kula da harkar sadarwa.

To amma intanet ɗin ba ya shiga gida sai ta layin tarho, layin kuwa a lokacin abu ne mai wuyar samu. A 1995 layukan tarho na ƙasar baki ɗaya ba su kai 100,000 ba, yawancinsu kuma a ofisoshi da manyan unguwanni suke. A zango, gidan da yake da tarho sananne ne, da shi ake kwatance. Sauran jama'a sai su tafi shagunan buga waya, su yi layi, su jira ɗan'uwa ya bugo daga Bronx ko Hambug ko Landan ko Jidda. Waɗanda ba su da wannan hali kuwa sai su ɗauki maganarsu a kaset, su ba matafiyi, amsa ta dawo bayan wata guda ko biyu.

Mece ce modem?

Layin tarho an yi shi ne domin muryar ɗan Adam, ba ya ɗaukar sauti sai wanda yake tsakanin mitar 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Kwamfuta ita kuma ba ta san komai ba sai lambobi. Aikin modem shi ne tafinta: ta mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, ta tura su cikin waya, wata modem da ke kamfanin intanet ta ji, ta mayar da su lambobi. Kukan nan da ake ji da farko, mai kama da shewa da ƙarar soya ƙosai, gaisuwa ce tsakanin na'urorin biyu. A cikinta suke gwada lafiyar layin, su yi ciniki a kan saurin da za su iya magana da shi.

Saurin ya yi ta ƙaruwa: 14,400 a 1991, sai 28,800 a 1994, sai 33,600 a 1996, har aka kai 56,000 a 1998, wato adadin ƙwayoyin bayani a daƙiƙa guda. Don mai karatu ya gane, hoto guda mai nauyin megabait 1 yakan ci kusan minti 5 a gudun 28,800, in layin bai yanke ba ke nan. Yau kuwa yaro zai aika hoton da ya ninka wannan sau uku kafin ya ajiye kofin shayi.

Tun da sauti ne abin yake tafiya da shi, duk abin da ya ɓata sauti ya ɓata haɗi. Ƙarar da mutum zai jure ya ci gaba da hirarsa, ita modem ba ta jurewa. Wannan shi ne tushen yawancin wahalar da muka sha.

Abin da ya faru a gidanmu

A shekarar 1998 yayana da ke zaune a Bronx ya aiko mana da kwamfuta ta hannu da modem, zuwa gidanmu na haya a Mamobi. Nufinsa shi ne mahaifiyarmu, wadda ke fama da hawan jini, ta riƙa jin labarinsa kowane mako, shi ma ya san abin da likita ya ce da kuɗin maganin da ake bukata, ba sai an jira kaset ba. Layin tarho ɗaya ne a gidan, na Hajiya mai gida. Da izininta muka ja waya daga falonta, ta bi gefen kwano, ta sauko ɗakinmu, bisa sharaɗin mu biya rabonmu a ƙarshen wata.

Wata uku muna fama. Wani lokaci ta kama, bayan minti 2 ko 3 ta yanke. Wani lokaci ta yi ta kuka har ta gaji. Sau biyu na ɗora kwamfutar a tasi na kai wa mai gyara a wajajen Sakul, a shagonsa ta yi aiki lafiya lau, na biya kuɗi, na dawo gida ta koma halinta. Akwai makon da aka canza wa mahaifiyarmu magani, saƙon ya kwana shida bai fita ba, sai da na je shagon waya na kashe kuɗin cefanen kwana biyu kafin yayana ya ji.

Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin gyaran layin tarho har ya yi ritaya, shi ya ji ina ƙorafi bayan sallar la'asar. Ya biyo ni gida. Ko kallon kwamfutar bai yi ba. Ya zare wayar daga bayanta, ya sa a kan tarho, ya danna lamba ɗaya domin gunjin layin ya yi shiru, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗana, me ka ji?"

Na ce, "Baba, kamar ana taka busasshen ganye."

Ya ce, "To ita ma abin da take ji ke nan. Ɗauko tsani."

A gefen kwano muka tarar da wurin da aka haɗa waya biyu da hannu, aka murɗa, aka naɗe da leda. Ruwan damina ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore. Ya yanke wurin, ya kankare, ya haɗa shi da kyau cikin ɗan akwati mai murfi. Aikin bai kai minti 20 ba. A daren nan saƙo ya fita, amsa ta dawo kafin asuba. Da na so in ba shi na goro sai ya ƙi, ya ce mini: "Ka fara da bango kafin ka zargi na'ura. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba."

Wannan ita ce ƙa'idar da muka bi daga baya a duk gidan da aka kira mu. Ga yadda take daki-daki.

Na farko: wuta

Yawancin kwamfutocin da suka shigo zango 'yan'uwa ne suka aiko daga waje. Wutar Amurka 120 ce, tamu kuwa 230. A bayan akwatin kwamfuta akwai wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wanda ya manta bai juya shi ba, hayaƙi ne zai ba shi labari. Ita kuma modem ta waje tana da nata ɗan taransifoma, wanda ba shi da makunni, dole sai an sa masa na'urar rage ƙarfin wuta.

Bugu da ƙari, a 1998 ruwan tafkin Volta ya ja baya ƙwarai, madatsar Akosombo ta kasa ba da wuta yadda ta saba, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Idan wutar ta dawo da rauni, ko firjin mai sayar da ƙanƙara ya tashi a gida ɗaya, modem takan ɗauke numfashi ta yanke. Maganinsa sitabilaiza, da kuma raba soket ɗin kwamfuta da na dutsen guga da firji.

Na biyu: a saurari layi

Kamar yadda dattijon nan ya yi, a sa tarho a layin, a danna lamba ɗaya, a saurara. Ƙaras-ƙaras alamar haɗi ne da ya yi tsatsa ko ya sha ruwa. Gurnani mai kauri alamar wayar tarho ce ta bi kusa da wayar lantarki ko fitilar fuloresan. Idan kuma ana jiyo muryar wasu mutane can ƙasa-ƙasa, to layinka ya haɗu da na wani a kan sanda ko a cikin akwatin titi, wannan kuwa aikin ma'aikata ne.

Hanyar rarrabewa ita ce a ɗauki tarho a kai shi soket na farko, inda waya ta shigo gida. In can shiru ne amma ɗaki da ƙara, laifin na cikin gida ne. In can ma akwai ƙara, sai a kai rahoto. Masu wayo ba sa cewa intanet ya ƙi, sukan ce murya ba ta fita sosai, domin murya ce aka yi alkawarin layin zai ɗauka. A Ankara abin ya fi tsananta daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin babbar damina, musamman a gidajen da ke gangaren babbar kwata, inda danshi ba ya ƙarewa, ga kuma iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe.

Na uku: mutanen gida

Gidan zango gidan yawa ne, layi ɗaya kuma yakan yi rassa uku ko huɗu. Da zarar wani ya ɗaga tarho a wani ɗaki, haɗi ya tafi. Sau da yawa abin da ake kira cutar kwamfuta, jikan mai gida ne yake wasa da kan tarho. Ko ba a ɗaga ba ma, kowane tarho ko na'urar faks da ke rataye a layin yana rage masa ƙarfi, saboda haka akan cire su duka a gwada.

Akwai kuma ɗaya gefen. Muddin kana intanet, duk wanda ya bugo zai ji layi a cike. A gidan da ake jiran kiran ɗa daga Jamus ko labarin alhaji daga Makka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gidaje da yawa sun yi ɓacin rai a kan haka. Mu dai sulhun da muka yi da Hajiya shi ne daga ƙarfe 10 na dare zuwa kiran assalatu layin namu ne, ban da ranar Lahadi da 'ya'yanta suke bugowa. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki.

Na huɗu: a karanta lambar da kwamfuta ta bayar

Windows 95 da Windows 98 ba sa yankewa haka kawai, sukan ba da lamba, kowace da ma'anarta.

Lamba 680 tana nufin modem ba ta ji gunjin layi ba. A duba ko an sa waya a ramin da ya dace, domin ramuka biyu ne a bayanta, ɗaya na layi, ɗaya na tarho. Modem da aka yi don Amurka kuma wani lokaci ba ta gane gunjin wata ƙasa; sai a rubuta mata X3 a gurbin ƙarin saiti, ta buga ba tare da jira ba.

Lamba 676 layin kamfani ne a cike. Modem ɗin kamfani ƙidayayyu ne, masu bugowa kuwa sun fi su yawa, musamman da yamma. Babu magani sai haƙuri, ko a jira dare ya raba.

Lamba 678 an buga ba a ɗauka ba. A duba lambar, kada a sa 021 a gabanta alhali ana cikin Ankara, wadda ita ce lambar birnin kafin a canza ta a 2010. A kuma duba irin bugun: wasu tsofaffin layuka ba sa jin bugun sauti sai na ƙyas-ƙyas irin na tarho mai juyawa.

Lamba 691 suna ko kalmar sirri ce ba daidai ba, ko kuwa kuɗin wata ya ƙare. Sau tari maɓallin manyan baƙaƙe ne aka bari a kunne.

Lamba 633 wata manhaja ce ta riƙe modem, galibi ta faks. Lamba 629 kuwa ɗaya ɓangaren ne ya katse, ko don ƙarar layi ko don an daɗe ba a taɓa komai ba.

Na biyar: a rage gudu

Wannan ita ce dabarar da ta fi ba mutane mamaki. Wanda ya sayi modem mai 56,000 yana so ya ga 56,000, alhali kuwa ko a Amurka ba ta cika kaiwa ba. A tsohon layi mai haɗe-haɗe, modem takan yi kwaɗayin gudun da layin ba zai ɗauka ba, ta yi ta tuntuɓe tana maimaita abin da ta aika, daga ƙarshe ta faɗi. In aka ƙayyade mata 28,800 ko 24,000, sai ta zauna daram har awa guda. Sannu ba ta hana zuwa. Haka kuma rubuta S10=50 yana sa ta jure ɗaukewar sauti har daƙiƙa 5 kafin ta yanke, maimakon ƙasa da daƙiƙa 2 da ta saba.

Na shida: sai a zo kan kwamfuta

Sai an gama duk waɗannan ake buɗe akwati. A tsofaffin kwamfutoci, kafar COM1 da COM3 hanyar kira ɗaya suke amfani da ita, haka COM2 da COM4. Idan linzamin kwamfuta yana COM1 aka sa modem a COM3, sai su yi ta karo, linzami ya daskare ko haɗi ya tsaya. Mayar da modem COM2 ko COM4 yakan kashe rigimar. Akwai kuma modem masu araha da ake kira Winmodem, waɗanda ke ɗora nauyin aikinsu a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta. A tsohuwar na'ura, buɗe abu biyu a lokaci guda ya isa ya yanke layi. Shi ya sa masu gyara suka fi yabon modem ta waje, irin ta US Robotics, mai fitilu a gaba waɗanda ke nuna wa mutum inda aka tsaya.

Tsawa da takardar kuɗi

Abu biyu ne suka fi kashe intanet a gidajen zango. Na farko tsawa. Mutane sukan kashe soket in hadari ya taso, su manta da wayar tarho, alhali ta nan wutar aradu take bi ta ƙone modem, wani lokaci har da uwar allon kwamfuta. Ka'idar ita ce a zare duka biyu.

Na biyu takardar kuɗi. Biya biyu ake yi, na kamfanin intanet da na tarho, kowane sabon bugu kuma da kuɗinsa. Layin da ke yankewa sau goma a dare ya ci kuɗin bugu goma. Masu tattali sukan rubuta wasiƙunsu duka tukuna a Eudora ko Outlook Express, sa'an nan su buga, su aika, su karɓa, su kashe, duka cikin minti 3. Masu Hotmail da Yahoo kuwa dole su zauna a kan layi suna rubutu, kuɗi na tafiya.

Yadda zamanin ya wuce

Wannan wahala ce ta sa shagunan intanet suka yi kasuwa. Da aka buɗe BusyInternet a kan Ring Road a 2001, matasan Nima da Mamobi da New Town suka sami wurin da ƙafa ma za ta kai su, ƙananan shaguna kuma suka bazu cikin lunguna. A 2002 igiyar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki, a 2008 Vodafone ta sayi kashi 70 cikin 100 na Ghana Telecom, daga nan kuma wayar hannu ta kwashe kasuwar baki ɗaya. Modem ta koma ƙarƙashin gado tare da kaset.

Amma a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma intanet ya ɗauke a yawancin Gana, mun ga matasa suna ta kashe waya suna kunnawa, wasu suna cire layi suna mayarwa, wasu har sun nufi wurin mai gyara. Laifin kuwa yana can ƙarƙashin teku. Da sun fara tambayar maƙwabci ko nasa yana yi, da sun huta.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, ko da na'urar Wi-Fi kake aiki ko da wayar hannu, tsarin bai canza ba. Duba wuta. Duba waya da soket. Tambayi na kusa da kai. Duba ko kuɗinka ya ƙare. Karanta abin da na'urar ta rubuta maka kafin ka danna ka wuce. Canza abu ɗaya, ka gwada, sa'an nan ka canza na biyu. Sai duk wannan ya gaza za ka ɗauki na'ura ka kai wa mai gyara.

Dattijon da ya koya mini wannan ya riga mu gidan gaskiya, bai taɓa aika imel ko guda ba a rayuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan iyayenmu, ya kuma ƙara mana zumunci tsakaninmu da 'yan'uwanmu da ke nesa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.